Tsamiyar Abah Ta Tafi Biki

Cikadu, Sumedang
Farkon watan Zulhajji

Zuwa ga Mai Girma, Ginshiƙin Gidanmu, Fitilar Ma'aikatan Tashar Jiragen Ruwa ta Batam, wanda gyaran muryarsa kaɗai kan sa ƙanne su gyara zama, yayana Akang Kosasih.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da durƙuso har ƙasa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Teh Imas da tagwayenku. Mahaifiyarmu Ambu tana lafiya, in ban da gwiwa, kuma ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci a kan kari.

Bayan haka, wajibi ne in sanar da fadarka, a rubuce domin al'amarin ya fi ƙarfin waya, cewa aurena da Nenden ya shiga wani hali. Ba daga wajen amarya ba ne. Ita har yanzu tana nan a kan kuskurenta na ƙaunata. Matsalar ta itace ce.

Ka san ba a kai kayan aure gidan amarya babu itacen girki, kuma ka san gwaggwannin Nenden. Za su yafe wa ango karkataccen hanci, amma ba za su yafe masa itace mai hayaƙi ba. Mijin yayar Nenden har yau "Angon Hayaƙi" suke ce masa, alhali 'ya'yansa sun shiga makaranta. Sun aiko cewa ranar Asabar za su ɗora kaskon alewar dodol, kuma ka san dodol yini guda ake tuƙa shi, yana son wutar da ba ta gaggawa kuma ba ta mutuwa.

Na yi niyyar sayen itacen kasuwa kamar sauran 'yan Adam. Sai Ambu ta nuna mini tsamiyar bayan gida, wadda iska ta kayar bara, ta ce, "Mahaifinku ba zai ga bikin nan ba. To inuwar da ya zauna ta je." Ta koma madafa. Ni kuma na fasa zuwa kasuwa.

Na sa an yanka ta gunduwa-gunduwa da injin zarto, sannan na tunkare ta da gatarin mahaifinmu marigayi Abah. Gatarin ya yi tsalle ya dawo mini kamar na sari dutse. Jijiyoyin tsamiya a murɗe suke tamkar igiya, kowane gungume kuma da ƙullinsa. Kawunmu Mang Darsa ya zo kallo, ya ce, "Tatang, faskare kake yi ko tausa kake mata?" Daga nan ya yanke hukunci: in Juma'a ta yi ban gama ba, zai kai itacen kasuwa da kansa don kada dangi su ji kunya. Ambu ta ji, ranar kuwa ba ta taɓa shinkafarta ba.

Saboda haka na kai kukana wurin Mang Solihin mai gidan awara, wanda ya mallaki injin faskare don murhunsa. Ya amince zai jawo shi gobe. Ka taya ni da addu'a.

Ka gaida Teh Imas, ka shafa mini kan tagwaye.

Bawanka mai biyayya, angon da ke cikin jarrabawa,
Tatang

Cikadu, Sumedang
Ranar Juma'a

Zuwa ga Mai Girman da aka ambata a baya, wanda girmansa bai ragu ba tun wancan lokaci.

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya iyali? Mu nan sai godiya.

Injin ya iso, kuma a zahiri ba wani abin tsoro ba ne: gado ne na ƙarfe, da sanda mai tura gungume a hankali zuwa kan wani baki mai kaifi. Mang Solihin ya tayar da shi, ya ce, "Hannu a gefen itace, ba a bakinsa ba. Wanda ya riƙe itacen shi zai ja mariƙin, ko Darsa ya roƙe ka kada ka ba shi." Ya koma wurin awararsa, ya bar ni da ƙaddarata.

Na ɗauki gungume mafi girma na saita shi daidai tsakiya, kamar yadda ya dace da jarumi. Injin ya yi nishi, ya yi kuka, ya tsaya, gungumen kuma ya maƙale a bakin ƙarfen. A nan na fara karatu. Na gane cewa in inji ya tsaya, a sake shi nan take. Ci gaba da danna shi zafafa mansa kawai yake yi. Maƙalallen gungume kuma ba a shurinsa, sai a cusa wani guntu a ƙarƙashinsa a sake turawa, ya ɗago da kansa.

Sannan na fahimci cewa tsamiya ba ta karɓar umarni, sai lallashi. Babban gungume daga gefe ake cinsa, ɓari-ɓari, har tsakiyar ta rasa magoya baya. In rana ta riga ta tsaga shi, wannan tsagar ake saitawa da bakin injin. Ƙulli kuwa ba a fuskantarsa. Ta gefensa ake bi, in ya ƙi a juya gungumen kai ya koma ƙafa. Zaren da ya riƙe ɓari biyu adda ce maganinsa. Kuma na daina mayar da sandar har ƙarshe, ina tsayar da ita daidai tsawon gungume na gaba, sai aiki ya ninka sauri. Mang Darsa ya daina ba'a, ya fara jera itace, yana cewa dama shi haka ya so a yi tun farko.

Nenden, da yake an hana ta fita sai ranar biki, ta aiko mini da saƙo: "Ka kula da yatsunka. In ka rasa su, a hanci zan sa maka zoben?"

Gungume na ƙarshe shi ne gwafar nan da muke hawa ni da kai muna yara, inda Abah kan tsaya a ƙasa yana rantsuwar zai zane mu, bai kuwa taɓa yi ba. Na daɗe ina kallonta, Akang. Ta ƙi injin ta kowace fuska, sai da aka ɗan tsaga ta da zarto sannan ta buɗe. Cikinta ja ne wur. Ambu ta ɗauki ɓari ɗaya ta shinshina, ta ce wannan za a ɗaure da ƙyalle a riƙe a gaban ayarin ango. Sauran itacen ya tafi gidan amarya jiya, kuma babbar gwaggon Nenden ta ƙwanƙwasa guda biyu, ta ji ƙararsu, ta ce, "Yaron nan ɗan mutane ne." Ambu ta ci shinkafa har da ƙari.

Yanzu na zo ga dalilin da ya sa na tayar da hankalin fadarka. Na kiyaye yatsun hannuna goma kamar amana, amma na yi aikin ne da silifa. Lokacin da gwafar ta buɗe, ɗaya ɓarin ya sauka a kan babban yatsan ƙafata ta hagu. Bai karye ba, sai dai ya yi girman da ya kusa neman suna na kansa, kuma takalmin angon da aka saya mini ya ƙi karɓarsa. Mun bincika dangi kaf, babu mai ƙafar da ta kai taka.

Don girman Allah, in za ka taho, ka zo mini da takalmin aurenka. Ni na hagu kawai nake buƙata, amma Ambu ta ce ka kawo duka biyun, kuma ka wanke su.

Ƙaninka mai ɗingishi zuwa ga farin ciki,
Tatang