Irin da Huseina Ta Jiƙa

Kirikasamma,
21 ga Afrilu, 2020.

Zuwa ga Baban Adila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya Anacha, ya kewar gida? Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. Adila da Ja'afar ma lafiyarsu ƙalau.

Bakari direba na ba wannan takarda, tunda motocin abinci kaɗai ake bari su wuce. Na gwammace rubutu, don a waya kai ke magana, ni "to" ce tawa har kati ya ƙare.

Ka kwantar da hankalinka a kanmu. An rufe kasuwar Haɗeja saboda korona, amma mu da ruwa ke yanke wa hanya kusan kowace damina, zaman gida ba baƙonmu ba ne. Shirin ambaliya muka yi, sai dai bana da rani ya same mu. Busasshiyar kuɓewar nan da kake cewa na mai da ɗakinka rumfar kasuwa, ita muke sha. Akwai kuka da daddawa, ga karyayyar bandar kifin da ka ƙi sawa a kwalin sayarwa. Gero ya kusa rabin rumbu. Na ajiye buta da sabulu a zaure, Inna ta kafa kujera a wurin, ko liman ne ya zo sai ya wanke hannu.

Ka ce in abu ya yi tsanani mu casa buhun irin shinkafa mu ci, ka saya wani in ka dawo. Ban amsa ba a lokacin, ga amsar yanzu: a'a. Ba ka san ranar buɗe hanya ba, damina kuwa ba za ta jira ka ba. Kuma ka fi ni sanin al'adar gidanku, fadamar gado in ta kwana ba shuka, mai iri a cikin dangi ke nomawa. Baffa Zarami sau biyu yana tambayata ko za ka dawo kafin ruwa. In ya sa ƙafa a fadamar nan, ban ga ranar fitarsa ba. Na kai buhun ɗakin Inna.

Ka riƙa sa takunkumi ko da yana damun gemun. Ka gaida abokan zama.

Taka,
Radiyya.

Kirikasamma,
4 ga Yuni, 2020.

Baban Adila,

Sallama da gaisuwa. An yi sallah lafiya? Allah ya karɓi ibadunmu. Mu muna nan, sai dai akwai abin da na ɓoye maka a waya.

Ƙanwarka Huseina ta iso daga Kano ranar goma ga azumi, ta ɓarauniyar hanya, da 'ya'yanta uku da jaka ɗaya. Saboda Inna, gudun korona, na sauke su a ɗakin baƙi mako biyu, ina ajiye musu kwano a bakin ƙofa. Ta ji haushina ƙwarai, ta ce na mai da ita abin gudu a gidan ubanta. Na haɗiye, don ni tsohuwa nake dubawa.

Baki huɗu ya koma takwas, kafin sallah muna jin ƙasan rumbu. Nan Inna ta buɗe tukunyar badon da take tarawa duk kaka, wanda kake cewa abincin yunwa ne kar baƙi su gani. Muna gauraya shi da ɗan gero da ganyen yaɗiya. Yaran Kano suka yi kwana biyu suna tura baki, a na uku suka suɗe kwano. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ranar da na ga wuyan Ja'afar ya yi tsawo, bayan rumbu na zaga na yi kukana.

Huseina ma ta gani, kuma uwa ce. Ran Litinin na tafi tsinkar yaɗiya, Inna tana gyangyaɗi a zaure, sai Huseina ta ja buhun irin nan ɗakinta ta juye a baho biyu ta zuba ruwa, wai za ta turara a casa. Daga baya tsoro ya kama ta, ta tsiyaye ruwan ta rufe da tabarma ta yi shiru. Sai jiya warin tsami ya kai ni. Ina ɗaga tabarmar na ga irinmu ne a jiƙe, na ƙwala wa Inna kira.

Inna ce ta damƙo shi ta kai kusa da ido, ta tambayi Huseina da wane ruwa ta jiƙa. Ta ce na randa. Allah ya taimake mu, zaman birni ya sa ta manta cewa da ruwan zafi ake jiƙa shinkafar ci. Ruwan sanyi tada iri yake yi, duk ya fito da farin tsiro. Inna ta ce, "Wannan ko tukunya yau, ko ƙasa yau. Ke ce matar gida."

Ƙasa na zaɓa. Mun kafce bayan gida kusa da rijiya, mun watsa shi a matsayin reno, da guga za mu riƙa ba shi ruwa. In sama ta sauko cikin wata guda, mu dasa. In ta ƙi, na rasa iri, na kuma hana yara abinci, laifin duk nawa ne. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Radiyya.

Kirikasamma,
5 ga Yuli, 2020.

Baban Adila,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Inna da Huseina da yara duk suna gaisuwa. Mun ji an buɗe hanya, Bakari ya ce motarsa za ka biyo. Allah ya kawo ku lafiya.

Kwana ashirin da shida muna jan guga, safe da yamma. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Huseina ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ita ke riga ni zuwa rijiya, kuma tuni muka shirya. Mun rufa wa renon inuwa da kaba, Inna ta koma can da kujerarta tana korar kaji. A mako na uku rijiya ta ja baya, bakin ganyen ya fara ja, sama ko gajimare babu. Baffa Zarami ya zo ya tsaya a kan renon ya jima, ya ce mu mata akwai wahalar da kai, in ya ƙone kar in damu, shi zai rufa wa fadamar asiri. Na durƙusa na yi masa godiya, raina yana tafasa.

Ran Litinin da azahar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Laraba muka shiga fadama, ni da Huseina da matan maƙwabta huɗu. Kwana uku muka yi a sunkuye, mun dashe ta tun daga bakin hanya har gindin goriba.

Reno ya yi saura da yawa. Ashe gidaje da dama sun cinye irinsu da azumi, sai ga mata da kwanduna, gida biyar na ba. Jiya da hantsi aka yi sallama a zaure, na leƙa na ga Baffa Zarami riƙe da buhu. Nasa irin tsoho ne, ya shuka bai fito ba. Ya daɗe yana tambayar lafiyarka kafin ya iya faɗin abin da ya kawo shi. Na cika masa buhun da hannuna, na zaɓar masa masu kyau.

Ba na son yabon kai, amma wannan karon na ji daɗin kaina, kuma ina so ka sani. Mutum takwas, ba wanda ya kwanta ciwo, ba wanda ya wuni da yunwa, Inna tana nan da ƙarfinta.

In kun iso, kar ka sauka a tasha. Ka ce wa Bakari ya tsaya a kwanar fadama, ka fara ganin gonarka kafin ka gan ni. Na rame, ita kuwa kore shar.

Matarka mai jiranka,
Radiyya.