Motar Da Na Sayar Tana Neman Kai Mahaifina Gidan Yari

Zuwa ga Mai Girma Rajistaran kotun da takardata take hannunta a ƙasar Daura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ka yi mini afuwa da ban ambaci sunan kotunka ba. Ban san ta ba ne. Wata huɗu ke nan kotu tana nemana, ni kuma ina neman kotun, shi ya sa na kawo maganar jarida, ko Allah zai sa ta faɗo a teburin da ya dace.

Sunana Sani, ɗan Malam Isiyaku baduku na cikin garin Daura. Shekara uku ke nan ina gadi a wani kamfanin katako a Kudu, tafiyar kwana biyu daga gida. Ga abin da ya faru.

1. Zan fara da laifina, don kada a ce na ɓoye. Kafin in baro gida ina da tsohuwar mota a-kori-kura da nake ɗaukar gero da gyaɗa da ita daga Zango. Da sana'ar ta ƙi, na sayar da ita ga wani mutum mai suna Ilu, surukin maƙwabcinmu, mazaunin wajen Mai'adua. A ƙofar masallacin unguwa aka yi cinikin bayan La'asar, gaban dillali da shaidu biyu. Na ce na sallama, ya ce ya karɓa, aka shafa fatiha, na miƙa masa makulli da takardun mota, duk da sunana a jiki. Emeka mai sayar da kayan gyaran mota, wanda nake ciniki a shagonsa, ya ja ni gefe ya ce mu rubuta yarjejeniya, a kuma canja suna. Dariya na yi masa. Ka san halinmu: mutum ya zo da surukinsa, liman yana tsaye, sannan ka ce a kawo biro? Kamar ka ce masa ɓarawo ne. Kunya ta hana ni, kuma kunyar ce yau take cin mahaifina.

2. Abin da muka iya tattarawa shi ne, wata ranar kasuwar Mai'adua jami'an hanya sun tare motar, lodi ya wuce ƙa'ida, takardunta kuma sun ƙare. Kotun tafi-da-gidanka tana zaune a bakin titi. Aka rubuta takardar tara da sunan da aka gani a takardun mota, aka ba direba, aka sallame shi. Inda ya jefar da ita, Allah ne masani. A ranar ni ina nan Kudu, ina buɗe wa manyan motoci ƙofa a cikin ruwan sama.

3. Da ba a biya ba, sai ga ɗan aiken kotu a zaurenmu, mai unguwa ya rako shi. Mahaifina ya haura saba'in. Yana karanta ajami kamar ruwa, amma boko ko sunansa ba ya ganewa. A tarbiyyarsu ba a mayar da manzon hukuma da hannu wofi, ba a kuma tsare shi da tambaya. Ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo ruwa, aka ce ya dangwala yatsa, ya dangwala. Shi a zatonsa shaida ce ta cewa saƙo ya iso. Sai da ƙanena Habu ya dawo ya duba kwafin da aka bari, ya ga ashe tsohon ya tsaya mini ne: ya ɗauki alkawarin zai kawo ni, in kuma bai kawo ni ba, shi za a riƙe. Babu wanda ya karanta masa. Ban ce an yi da gangan ba. Na ce dai ba a karanta masa ba.

4. Kwafin nan kuwa hatiminsa ya dushe, sunan kotun ba ya karantuwa, lambar shari'ar rabinta ce ta fito. Habu ya rufe shagonsa ya shiga yawo da shi. A kotun shari'ar Musulunci an karɓe shi da mutunci, an saurare shi har ƙarshe, aka ce ciniki da shaidu ciniki ne ingantacce, mota ta fita daga hannuna tun ranar da aka shafa fatiha, sai dai laifin hanya ba hurumin wannan kotu ba ne. A kotun majistare aka ce sunan da ke takarda shi ne mai mota, amma fayil ɗin ba ya wurinsu, a tambayi waɗanda suka rubuta tarar. Waɗanda suka rubuta tarar suka ce sun miƙa wa kotu. Ita kuma kotun tafi-da-gidanka ta tafi da gidan nata. Inda ta zauna babu komai yanzu sai bishiyar darbejiya. Sau bakwai Habu yana fita. Wani ma'aikaci guda, Allah ya saka masa, ya zauna ya buɗe masa fayil-fayil har lokacin tashi, bai karɓi ko sisi ba, bai kuma samu fayil ɗin ba.

To, ranka ya daɗe, a wata kotun ba ni da mota, a wata kotun ni ne mai mota, kuma duk a gari ɗaya.

5. Tarar ba ita ce damuwata ba. An ce mini ba ta kai kuɗin buhun gero ba. Na yarda in biya, ko da ba ni na yi lodin ba, domin sakacin takarda nawa ne. Amma wa zan ba? Mutum biyu sun tari Habu a bakin kotu sun ce ya kawo su kashe maganar. Na hana shi. Maganar da aka kashe ba rasit, gobe za ta tashi.

6. Ilu ya tsallaka Nijar, wayarsa ba ta shiga. Dillalin ya rasu bara. Shaida ɗaya yana nan da ransa, shi da Emeka, kuma duk sun ce za su zo su faɗi abin da suka gani in an kira su. Motar kuwa tana kan hanya har yau. Makon jiya Habu ya hango ta ta nufi iyaka, an rufe bayanta da tampol, wani ne daban ke tuƙi. Ban san abin da ke ƙarƙashin tampol ɗin ba. Na san dai duk abin da ta ɗauko, da duk wanda ta taka, da sunana za a rubuta. Yau lodi ne. Ina tsoron ranar da ɗan aiken zai zo da takardar da tara ba ta wanke ta.

7. Ɗan aiken ya sake dawowa, Habu ba ya gida. Ya shaida wa mahaifina cewa Litinin ta biyu bayan Sallar Layya zai zo ya tafi da shi. Tsohon bai tambaye shi ina ba. Mai unguwa ma ya ce shi dai ya san shi da ɗan kotu. Tun ranar mahaifina ya daina zama a rumfarsa. Mutumin da ya shekara hamsin yana ɗinka fata, ko ofishin 'yan sanda bai taɓa takawa ba, yanzu a gida yake sallar Azahar don kada a yi masa jaje. Habu ya ce tsohon ya ɗaure 'yar jaka ya ajiye a bayan ƙofar zaure: riga ɗaya, buta, carbi, da maganinsa na hawan jini. In na kira shi, cewa yake kada in bar aikina, shi ya riga ya tsufa, ko ina ne zai iya zama.

Don haka nake roƙo. A duba a faɗa mana wace kotu ce, kuma wace lamba ce, a rubuce. In kuwa babu kotun da ta san da wannan takarda, to abin ya fi muni, a binciki wanda ke yawo da ita a zaurukan mutane. A cire sunan mahaifina daga wannan alkawari da bai san ya ɗauka ba. A saurari shaiduna, a tsayar da motar duk inda aka gan ta har a canja suna. Sannan duk tsohon da za a sa ya dangwala yatsa, a karanta masa da Hausa tukuna.

Na nemi izinin tafiya a wurin aiki, an ce in na wuce kwana uku kada in dawo. Zuwa kaɗai kwana biyu ne. Duk da haka na yanki tikiti. Ranar Litinin ɗin ni za a tarar a zaure, da katin shaidata a hannu. In riƙewa ce, ga mai sunan. Abin da nake nema kafin ranar bai wuce a aika wa tsohon nan ya kwance jakarsa ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya tsare naka iyayen daga tsayuwa gaban hukuma da furfura.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sani Isiyaku, ɗan Daura mazaunin Kudu.