Shuɗin Zanen da Na Ɗaura

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar Baba? Yaya su Tamar da mutanen Kafanchan? Mu nan bariki a Maiduguri lafiya lau. Maigidana Azariya yana daji bakin aiki har yanzu, amma ya kira ranar Lahadi, kada ki damu.

Mama, na yi abin kunya. Kin san na shiga ƙungiyar matan sojoji masu zuwa zama da wadda mijinta ya rasu a bakin daga. Muna da zane iri ɗaya, shuɗi, ba a ɗaura shi sai ranar ta'aziyya. Shekaranjiya na wanke zannuwana, ba su da yawa yanzu, sai na ɗaura shuɗin ban yi tunani ba. Na ɗebi cittar Kwoi da kika aiko, in kai wa maƙwabciyata Hellen mai tsohon ciki.

Tana hango ni ta saki tukunya, ta zube ƙasa tana kiran sunan mijinta. Ina ta cewa, "Citta ce, Hellen, citta na kawo!" Ba ta ma ji na. Sai da ta ji muryarsa a waya hankalinta ya dawo.

Ta ce ta yafe, cikin ma lafiya. Amma yanzu in na bi layinsu, sai in ji ana rufe ƙofofi.

Don Allah Tamar ta ba direba tsohon jan zanena. Ko ya yage a aiko, Mama. Ina so in yi sallama a amsa mini ba da faɗuwar gaba ba.

Ubangiji ya kiyaye ku.

'Yarki,
Keziya