Furar da Inna ta dama wa Yaya Sani

Daren Laraba, cikin Sha'aban, 1991
Ƙofar Doka

Alhamdulillahi, Yaya Sani ya dawo da ƙafarsa! Tun da aka tura jirginsu bakin daga Inna ba ta yi barcin kirki ba, yau kuwa har guɗa ta rangaɗa.

Da la'asar Baba ya tambaye shi abin da matuƙin jirgin yaƙi ya fi tsoro a sama. Ya ce wani makami ne mai linzami da jirgi ke harba wa jirgi, zafin injin yake bi har ya cim maka.

Inna na jin haka ta janye kunun da ke tururi a gabansa, ta kwashe yaji, ta damo fura da ruwan randa.

"Inna, zafin inji na ce, ba nawa ba!"

"Kai dai sha. Ina raye ba za a same ka da zafi a jiki ba."

Muka yi ta dariya har Baba ya ƙware, ni har yanzu cikina ciwo yake. Yaya kuwa bai yi ba. Hannu biyu ya sa ya karɓa, ya shanye tas, ya ce a ƙaro.