Hannuna a Madubin Bahijja

Gidan Igwai, Sakkwato

An zaɓi Bahijja! Jikata ce za ta riƙe bindigar!

Af, Maigandi, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya Kano? Tunda kunnenka ya daina jin waya, ga rubutun da na koya a makarantar yamma da furfurata.

Ofishinsu na likitocin dabbobi sun sayo bindigar allurar barci, don bijimin da ya ƙi kamuwa a kara, kasuwar shanu. Mutum ɗaya za a ba, kuma ita anka fara gwadawa. Sai dai akwai matsala. Kwana uku ina raka ta fili wajen Kwalkwalawa, tana harbin buhun ƙaiƙayi daga mita talatin, allura na faɗawa gefe. Ta ce cikin madubin bindigar tana ganin layu biyun da sunka gitta juna dishi-dishi, kuma suna yawo bisa buhun. Shugabansu ya ce in ta kuskure ran Alhamis, wani zai ba. Ni kuwa na ce ba mu sakin ta.

Kai da ka tsufa a soja, mi ne ne maganin? Ko bindigar taka ado ce?

Taubashinka,
Jinaidu

*

Kano

Alhaji Jinaidu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Direba ya kawo takardarka, na sha wuya kafin na gane inda layi ya nufa.

Abu biyu ake murzawa a madubin nan. Zoben baya, wanda ke kusa da ido, na mai harbi ne shi kaɗai. Ta dubi farin bango ta ciki, ta murza har layukan su fito tas, daga nan kada a sake taɓa shi. Na gefe, mai lambobi, na nisa ne. Ina zaton yana kan ɗari yadda ya zo daga kanti, ita kuwa tana harbin talatin. Ta dawo da shi talatin, ta kafe bindigar a kan buhu, ta ɗan kaɗa kai hagu da dama. In layukan sun motsa daga kan abin harbi, da saura. In sun tsaya cak, ya yi.

Amma yarinya mai lafiyar ido ba ta ganin dishi-dishi haka kawai. Wa ke taɓa bindigar kafin ita? Na san wani mahauci da ba ya iya ganin sabon abu bai murza ba.

A gaida uwargidanka Hajiya Delu.

Maigandi

*

Gidan Igwai, Sakkwato

Maigandi,

Bayan gaisuwa, ni ne.

Ka san al'adar gidanmu, ba a fara aiki da wuƙa sai babba ya karɓa ya yi mata addu'a. To kullum ina karɓar bindigar in yi bismilla, in leƙa. Ba na ganin komai, sai in murza zoben nan har ya yi daidai da idona mai shekara saba'in da huɗu, in miƙa mata ina cewa na gyara.

Da na karanta wa Bahijja takardarka a tsakar gida, ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Alhaji, tun ranar farko na gan ka. Na ɗauka cikin addu'ar ne, na ji nauyin warwarewa."

Delu ta ce, "Kai da ba ka iya zura zare a allura, kai za ka gyara wa likita ido?"

Ban ci tuwo da daɗi ba ranar. Amma jiya mun koma fili. Bahijja ta saita zoben da bangon wani shago, ta naɗe shi da salatif a gabana, wai saboda ɓarayin zobe. Na gefen kuwa bisa ɗari yake, yadda ka ce. Ta kaɗa kai, ta murza, ta sake kaɗawa, har ta ce, "Sun tsaya." Ni na auna mata nisan da igiyar ɗaure shanu. Addu'ar daga nesa nake yi yanzu, hannuwana cikin aljihu.

Gobe Alhamis. Ka sa mu a addu'a, kai ma daga nesa.

Jinaidu

*

Gidan Igwai, Sakkwato

Biyar cikin biyar, Maigandi! Tsakiyar buhu!

Salamu alaikum kuma. An ba ta bindigar. Ran Asabar da hantsi za ta kwantar da jan bijimin wani mai suna Muntari, wanda waya ta nutse masa a ƙafa, mako biyu ba wanda ya iya matsarsa. Na gaya wa mahauta, na gaya wa 'yan ajinmu na makarantar yamma, na aika har unguwar Minanata. Ka hau motar Juma'a, ka taho da maiɗakinka Lailatu da yara. Delu ta ce za ta riƙe mini hannu har a gama. Ku zo duka, ku zo ku gani!

Naka,
Jinaidu