Shekara Shida Ko Musu Ba Mu Yi Ba

Daren Laraba, Karaye

Yau mun je suna a Zoza, gidan ƙanin Malam. Ina miƙa kwanukan tuwo ta bakin zaure na ji ana tambayar Malam sirrin zamanmu, shekara ashirin da biyu. Ya yi dariya ya ce, "Ai yanzu ma muke jin daɗin auren. Shekara shida ko musu ba mu yi ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Farkon aurenmu kullum sai mun yi faɗa, har a kan gishirin miya, amma mu raba dare muna hira. Yanzu in ajiye abinci, ya ci, ya kunna rediyo. Na gaji ne da magana ba a ji, shi kuma ya ɗauka kwanciyar hankali ce.

A hanyar dawowa, kan babur, na kasa haƙuri. Na ce, "Malam, ba daɗi ne ya sa na yi shiru ba."

Ya taka birki gefen wata gonar gyaɗa, ya juyo, fuskarsa kamar an yi masa rasuwa.

"Tun yaushe, Hadiza?"

"Tun haihuwar auta."

Ya tayar da babur muka ƙarasa gida. Bayan isha'i ya shigo ɗakina, ya zauna bakin gado ya ce, "To, ina jin ki." Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Na ce sai gobe. Ya ce zai jira.

Ga shi can ina jin tarinsa. Shi ma bai yi barci ba.