Sunan da Baba Ya Ara Ya Tafi Yaƙi

Samaru, Zariya.

Baffa Yohanna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙarfin jiki, yaya Mama Saratu da jikoki, yaya kuma ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Ranar Talata na raka Baba Sabon Gari wurin tantance tsofaffin sojoji, don sau uku yana zuwa shi kaɗai yana dawowa ba a ba shi fanshonsa ba. Da aka kira "Yohanna Audu" sai ya miƙe ya ƙame, ni kuwa ina ta waige ko ka zo. A nan na ji cewa lokacin yaƙin basasa shekarunsa ba su kai ba, da takardar firamarenka ya shiga soja.

Akawun wurin ya duba katin shaidar Baba ya ga sunansa na gaskiya, Bitrus, ya ce, "Baba, wanne ne kai?" Baba ya ɗaga riga ya nuna masa tabon harsashi. Akawun ya ce, "Yi haƙuri, tabo ba ya shiga fayil."

Sun ce sai mai sunan ya zo kotu ya yi rantsuwa. Baba ya hana ni rubuto maka, wai da sunan kake karɓar naka fanshon, kada garin neman nasa a tsayar da naka. Ni kuma maganinsa ya fi ƙarfin albashina. Ba zan ce ka zo ba, kuma na kasa cewa kada ka zo.

A gaida min kowa da kowa. Ka sa ƙanenka a addu'a da duk sunan da ka ga dama, Allah dai ya san wanda ya je yaƙin.

Taka,
Rifkatu